Kakar da Muka Fasa Komawa Dahome

Mariyama, Bulus, Rahila, akwai wata magana da kuka tashi kuna ji a gidan nan, na kuma bar ta tana yawo shekara da shekaru ban gyara ba. Ana cewa babanku ne ya ƙi komawa Dahome saboda son da yake wa mutanen Bakin Tabki, ni kuwa na bi shi yadda mace ke bin mijinta. Shi kansa, Allah ya jiƙan sa, bai taɓa musawa ba, don ya ga maganar tana rufa mini asiri wajen danginsa. Yanzu da ba ya nan, ni ma gwiwa ta fara ƙin kai ni bakin ruwa, gara in faɗa muku yadda aka yi. Ni ce na ƙi tafiya. Shi ya so tafiya ƙwarai, kuma yana da gaskiyarsa.

Mun zo ƙasar nan saura kaɗan Turawa su miƙa mulki. An turo babanku ya riƙe ɗan ɗakin magani na garin nan namu da ke cikin fadama, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Dumega. Sunansa na baftisma Yusufu, amma tun ranar da ya sa farar riga ya buɗe ƙofar ɗakin kowa ke ce masa Majo, yadda ake kiran malamin asibiti a nan, har ni. A kudu aka haife ni, a wani ƙauye da ke bakin babban ruwa wanda ba ya ƙafewa, inda ganye ke kore duk shekara, mutum ba ya sanin wata ya sake sai ya duba takarda. Da aka ce mini garin da za mu je yana da tabki na yi murna. Muka iso cikin tsakiyar rani, na ce a nuna mini ruwan, sai aka kai ni wani fili mai tsattsagewa, jakuna suna birgima a cikinsa. Na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka har idona ya kumbura.

Gidan da aka ba mu yana jikin gidan wata dattijuwa, Inna Dije, ƙanwar mai gari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta maza biyu ke noma mata. Kwana biyu da zuwanmu ta shigo da ƙwaryar fura, mata uku a bayanta, ta zauna a kan turmi ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi as sunanki, ɗiyata?"

Majo ya fassara mini. Na ce, "Ayaba."

Matan suka tuntsure da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Majo ya yi musu bayani cewa a wajenmu sunan macen da aka haifa ran Alhamis ke nan, ba abin da ake ɓarewa a ci ba. Inna Dije ba ta yi dariya ba.

"To ai mu ma muna da shi," in ji ta. "Ke Lami ta. Sha hura, Lami."

Daga ranar ban sake jin sunana na farko a bakin kowa ba sai a bakin babanku, shi ma idan ransa ya ɓaci.

Damina ta zo ta cika filin nan da ruwa har ya taɓa gindin goriba, amma damina ba ta saye ni ba, don ruwan sama na san shi tun ina goye. Kaka ce ta saye ni. Ku da aka haifa a cikinta ba za ku gane yadda take a idon wanda bai taɓa ganinta ba. Hadari ya ɗauke, sama ta wanke fes, zafi ya dawo amma mai laushi, irin wanda ke sa mutum ya zauna ƙarƙashin kanya ya manta da abin da ya fito da shi. Gero ya sunkuyar da kai, gonaki suka koma ruwan zuma. Shamuwa ta kwashe ƴaƴanta ta bar kan bukkoki, sai ga kirinjijiya da ɗinya sun sauka a tabki garke garke, bado ya buɗe fari a kan ruwa. Gawo, wanda ya tsaya tsirara duk damina har na ɗauka ya mutu, ya fara fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubarwa. Ko'ina ƙamshin tumun da ake gasawa. Fulani suka dawo da shanu suna jiran a kwashe dammai su shiga kara, nono ya yi arha, mutanen da na gani a rani sun rame sun yi shiru yanzu suna tsayawa a hanya suna gaisuwa mai tsawo. Da la'asar a buga ganga, samari su yi kokowa a bakin ruwa. Na ga gari guda ya yi jira, ya ji tsoro, ya roƙi Allah, sannan aka ba shi. A inda na fito abinci ba ya yankewa, don haka ban taɓa ganin an yi masa irin wannan maraba ba.

A kakar farko ne kuma na sami abin yi. Idan ruwa ya fara ja baya, maza sukan shiga su kama tarwaɗa da yawa, a ci wadda za a ci, saura a shanya a rana ta bushe da ɗaci, wata ma ta lalace. Na tuna yadda mahaifiyata ke yi. Na kwaɓa laka na gina murhu mai zurfi a bayan gida, na jera itace a bakinsa, na lanƙwasa kifin na yi masa banda da hayaƙin ƙirare da ɓawon goriba. Inna Dije ta leƙo ta kan darni, ta karɓi guda ta ɓare ta ci a tsaye.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Innata," na ce, don lokacin Hausata ta fara tsayawa da ƙafarta.

"Gobe in kawo miki mata ki nuna musu. Kuma doguwar tabki, aljanar ruwan, ta san da zamanki, tunda ba ta hana ki kihinta ba."

Ni Kirista ce, amma a raina na tuna cewa ruwan garinmu ma yana da mai shi da tsofaffi ke gaisarwa kafin su jefa koma. Kafin kaka ta biyu, murhu bakwai ke hayaƙi a Bakin Tabki, ana kai bandarmu kasuwar Tibiri, kuma idan aka ce Lami mai banda ba a tambayar wace ce.

Akwai abin da ku biyun ƙanana ba ku sani ba sosai. Kafin mu zo nan na haifi ƴaƴa biyu a kudu, babu wanda ya kai wata uku. Ba wanda ya zage ni a gidan su babanku, amma idan na shiga ɗaki magana takan tsaya. A kaka ta biyu aka haife ki, Mariyama. Babanku da duk iliminsa ya rikice, Inna Dije ce ta kore shi waje ta karɓe ki. Ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in, ita ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Kika kai wata uku, kika kai shida, kika yi haƙori, kika fara rarrafe kina bin kajin Inna.

Kina da shekara biyu, gero ya nuna an fara yanka, aka kira babanku Dogon Dutsi. Ya tafi a kan kekensa ya dawo washegari da takarda a aljihu. Ƙasa ta sami ƴancinta, ƴaƴanta sun fara fitowa daga makarantu, an ce ayyukan da baƙi ke riƙe da su za a miƙa wa ƴan ƙasa. Wani saurayi zai zo ya karɓi ɗakin magani kafin a gama ɗaurin dammai. Ba mu kaɗai ba ne. Mu baƙin garin ba mu fi gida huɗu ba, ran Lahadi mukan taru ƙarƙashin kanyar bakin ruwa mu yi addu'a, wani lokaci fada, limamin cocinmu, ya zo daga Dogon Dutsi ya same mu. Malamin lekol, wato makarantar boko, wanda shi ma ɗan Dahome ne, ya sami irin takardar, matarsa ta fara rarraba tukwanenta. Babanku bai yi fushi ba. Ya ce ƙasar mutane ce, kuma daidai ne ɗanta ya riƙe ta. Daɗin daɗawa wansa ya aiko cewa an samar masa wuri a babban asibitin birni, bakin teku, da gida mai rufin kwano da lantarki. Na ga fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Na jawo akwati na fara ninke kaya.

Ana nan sai ranar da ƴaƴan Inna Dije suka kwaso geronsu. Na je taya mata aiki, ina goye da Mariyama, ana sauke dammai daga kan jakuna ana jerawa kusa da rumbu. Bayan an ware zakka, Inna ta tsaya da sandarta tana nuna wanda za a ba kowace mace ta gidan, matan ƴaƴanta da ɗiyarta da ta zo daga Dumega. Sai ta nuna wani babban dami ta ce wa ɗanta, "Wancan na Lami na. Kai mata shi gida."

Na ce, "Inna, ai mu tafiya za mu yi. Ina zan kai dami a mota?"

"Wannan ke ta shahwa," in ji ta. "Shekara ukku ina ba ki tuwo, don baƙo tuwo aka ba shi. Bana na duba na ga ke ba baƙuwa ba ta. In kin tahi ki bar shi, kaji su ci."

Ta juya ta ci gaba da rabonta. Aka kai damin aka jingina shi a bangon ɗakina, kusa da akwatin da na cika rabi. Kwana biyu ina wucewa tsakaninsu.

A rana ta uku da hantsi na sami babanku a bakin tabki yana wanke kekensa. Da harshenmu na gida na yi masa magana.

"Majo, ni ba ni da ƙafar tafiyar nan."

Ya ɗauka wasa nake, ya ce sai in zauna in auri kifi. Da ya ɗago ya ga fuskata sai ya ajiye tsumman.

"Me kika ce, Ayaba?"

"A can ni ce matar da ƴaƴanta ba sa zama. A nan ni uwar Mariyama ce, ina da sana'a, ina da masu leƙo ni idan ban fito ba. Ina jin tsoron in mai da yarinyar nan inda na binne biyu."

"Tsoro ba hujja ba ne. Can akwai likitoci da suka fi ni. Ni fa, kin tuna da ni? Idan na tuɓe farar rigar nan a garin nan, ni wane ne? Hannun nan bai taɓa riƙe hauya ba."



"Mahaifiyarki fa?" ya ce. "Tana zaune tana ƙirga watanni ta ga jikarta."

Wannan ta soke ni, kuma ya san za ta soke ni. Na ce masa na sani. Ya ce in tuna cewa ɗiya ta uba ce, a wajenmu da wajen mutanen nan duka. Na ce wannan ma na sani. Ya tura kekensa ya tafi, bai ko gama wanke shi ba.

Na je na gaya wa Inna Dije ina tsammanin za ta yaba mini. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Ban ba ki dami don ki raba gida ba. Namiji da anka amshe ma aiki, kika ƙara mishi da wanga? Koma ki dahwa mishi abinci mai kyau, kada ki sake tada maganar."

Na koma na yi yadda ta ce. Amma da yamma na hange ta ta yafa zane ta nufi gidan wanta. Washegari mai gari ya aiko a kira Majo. Babanku ya ba ni labari daga baya cewa tsohon bai zaunar da shi ba, sai ya ce ya raka shi ya duba ruwa. Suka bi gefen tabki inda ya ja baya ya bar baƙar ƙasa mai danshi, mai gari ya tsaya ya nuna da sanda.

"Daga goribar can zuwa gawon can, babu mai shi. Ruwa na kusa, taki guda ka gina ka ishe shi. In ka tahi, Allah shi kiyaye hanya, ba mu manta alherinka. In ka zamna, ga wuri, kuma in anka tambaya can sama, ni ka cewa mutanena na. Ban ce ka yi komi ba."

Sabon majo ya iso, yaro mai ladabi, ya rusuna ya gaida babanku. Babanku ya zagaya da shi, ya nuna masa kowace kwalba da kowane littafi, ya gaya masa wace tsohuwa ce ke tsoron allura da wane gida ne ba sa kawo yaro sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan ya ba shi mabuɗi. Ya dawo gida ya ninke farar rigar da kansa. Ranar da iyalin malamin lekol za su tafi Dogon Dutsi su hau babbar motar kudu, ya ɗauki ƙaramin akwatinsa mai takardunsa da tufafinsa ya ɗaure a bayan keke. Ya ɗaga Mariyama ya riƙe ta ya daɗe, sannan ya sauke ta ya miƙo mini. Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba. Ni ma ban tambaya ba.

Kwana uku na yi. Na ƙona banda har sau biyu, abin da ban taɓa yi ba. Matan gari suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da ɗan dalili, wannan aron maburgi, waccan neman wuta, kowace ta zauna kaɗan ta tafi. A rana ta huɗu da azahar ina tsince wake a ƙofar gida sai na ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Ga babanku yana turo keke, akwatin na nan inda yake, a kowane hannun keken an rataya bokitin ban ruwa mai dogon baki, ga ƙunshin irin albasa da tumatir da salati da ya samo wajen fada. Ya jingina keken, ya karɓi ruwa ya sha.

"Motar ta cika," ya ce.

Ban ƙara tambayarsa ba. Fada ne ya gaya mini bayan shekaru cewa akwai wuri a motar, har babanku ya ɗora akwatinsa ya zauna, da direba ya tada inji sai ya ce a sauke masa kayansa.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Hannun babanku ya yi kanta ya fashe, shekarar farko albasar ta ruɓe don bai san yawan ruwan da take so ba, sai da ƴaƴan Inna suka koya masa kamar yaro. Mutane suka ci gaba da zuwa da marasa lafiya ƙofarmu, shi kuwa ya riƙa raka su wajen sabon majo, ya tsaya daga waje, don kada ya rage wa yaron daraja. Na san abin da tsayuwar nan ke ci masa. Wansa ya yi shekara shida bai rubuto ba. Mahaifiyata ta aiko wa Mariyama zane guda da saƙon cewa ta yafe mini, ta rasu damina biyu bayan haka ba ta ga ko ɗayanku ba. Labarin ya iske ni bayan an yi wata da binne ta. Wannan nawa ne, ni na saye shi, kuma har yau ina ɗauke da shi. Harshenmu ma a hankali ya bushe a gidan, ku kuka tashi ba ku san shi ba sai kalmomin faɗa.

Amma lambun ya kama. Aka haifi Bulus, aka haifi Rahila, duk kuka zauna. Wasu suka ga abin da baƙar ƙasar ke bayarwa suka nemi nasu wurin, har gefen tabki ya zama kore a lokacin da dā babu komai sai jakuna. Duk lambun da kuke gani yau daga na babanku ya faro, shi ya sa har ya rasu ana ce masa Majo mai albasa, kuma yana amsawa da dariya.

Sau ɗaya muka je Dahome tare, bayan shekara goma sha biyu, ƙarshen damina. Na je kabarin mahaifiyata na yi abin da ya kamata in yi. Dangi suka karɓe mu da kyau, wan babanku ya rungume shi suka yi kuka, aka zagaya da shi asibitin da ya kamata ya yi aiki, bene mai hawa uku. Ina ta satar kallonsa in ga ko zai yi da-na-sani. A kasuwar kifi ta ƙauyenmu na tsaya ciniki, ban san lokacin da bakina ya juya ba, sai na ji mai kifin tana kiran maƙwabciyarta ta zo ta taya ta, wai ga wata Bahausa ba ta jin abin da take faɗa. Babanku ya yi dariya har da hawaye.

Mun shirya za mu yi wata guda. A kwana na tara da safe na same shi a ƙofar gidan wansa yana duban sama, ruwa na zuba kamar ba zai ɗauke ba.

"Lami," ya ce da Hausa, "yanzu can gero ya nuna, ruwa ya fara ja. In ban zuba irin albasa cikin kwana goman nan ba, na makara. Yaushe za mu koma gida?"

Na ce masa akwai mota jibi. Ya ce in tambaya ko akwai ta gobe.